Darasi na Bakwai: Sensa a Bakin Wutar Walda

A shekarar 1969 kamfanin General Motors ya girka jerin mutum-mutumai samfurin Unimate a masana'antarsa ta Lordstown da ke jihar Ohio a Amurka, domin su riƙa yi wa gangar jikin mota walda. An tsara layin ne ya fitar da mota 100 a awa guda, wato duk daƙiƙa 36 wata gangar ta wuce. Tun daga lokacin walda ta zama ɗaya daga cikin manyan ayyukan da aka ɗora wa mutum-mutumi a masana'antun motoci, daga Jamus har Japan da Koriya da Sin. Ƙaramar mota guda tana ɗauke da ɗigon walda tsakanin 3,000 zuwa 5,000, kuma a manyan masana'antu kusan dukkansu inji ne ke yin su.

Sai dai wannan hannun ƙarfe ba ya gani. Bai san ko ma'aikaci ya ajiye fallen ƙarfe a mazauninsa daidai ba, bai san ko mariƙan da iska ke turawa sun damƙe fallen ba, bai san ko notin da za a manna yana nan ko ya faɗi ƙasa ba. Mai gaya masa duk wannan ita ce sensa, wata 'yar na'ura da sau da yawa ba ta fi babban yatsa ba, wadda aikinta kawai ta ce wa kwamfutar layi "akwai" ko "babu". A cikin kejin walda guda, wato wurin da aka killace wa mutum-mutumi, ana iya samun gommansu. In ɗaya ta yi shiru, kwamfuta ba za ta ba da izinin kunna wuta ba, kejin ya tsaya, na gabansa su rasa abin aiki, na bayansa su rasa wurin ajiye nasu.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kuɗin sensa ɗaya ba wani abu ba ne in an kwatanta shi da kuɗin mutum-mutumi, amma a layi mai saurin na Lordstown tsayuwar minti 10 na nufin mota 16 ba su fito ba, ga ma'aikata a tsaye ana biyansu. Duk da haka, masana'antu da yawa sun saba ɗaukar sensa tamkar wayar walda ko iskar gas, abin da dole ya ƙare a sayo wani. Ana cika sito da su, ta mutu a sauya, gobe ta sake mutuwa a wuri ɗaya a sake sauyawa. Wannan ɗabi'a ita ce asarar da ta fi girma, domin sensar da ba ta da wani sashe mai motsi tana iya shekaru tana aiki. In tana mutuwa duk mako, wani abu ne ke kashe ta, kuma ana iya gano shi.

Yadda take jin ƙarfe ba tare da ta taɓa shi ba

Nau'in da aka fi amfani da shi a kejin walda shi ne wanda ke jin kusantar ƙarfe. Kamfanin Pepperl+Fuchs na birnin Mannheim a Jamus ne ya fito da shi a 1958, don masana'antun sinadarai da ke gudun makunni mai haɗa baki da baki, saboda irin wannan makunnin na iya fitar da tartsatsi a wurin da iska ke kama wuta. A bayan fuskar sensar akwai siririn kwayil da aka naɗe a jikin wani baƙin dunƙule mai suna ferayit. Kwayil ɗin yana fitar da raunanan igiyoyin maganaɗisu masu kaɗawa da sauri ƙwarai. In ƙarfe ya matso, sai ƙananan igiyoyin lantarki su taso su riƙa zagaye a cikin ƙarfen, su zuƙe wani kaso na ƙarfin kwayil ɗin. Raguwar kaɗawar ce na'urar ke aunawa, ta aika saƙo cewa ƙarfe ya iso.

Tazarar da take iya ji gajera ce sosai, kuma ya kamata ɗalibi ya riƙe lambobin, don su ne tushen rabin matsalolin da za su biyo baya. Sensa ta yau da kullum mai kaurin milimita 12, wadda ake binnewa daidai da fuskar ƙarfe, tana ji daga milimita 2. Mai kaurin 18 tana ji daga milimita 5, mai 30 kuma daga 10. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa da ake ƙera su a kai, IEC 60947-5-2, ba ta tabbatar wa mai saye da dukkan wannan tazara ba. Kashi 81 cikin 100 kawai ta tabbatar, saboda zafi da sauyin wuta da bambancin ƙira. Ke nan milimita 2 ta koma 1.6. Wannan ma a kan baƙin ƙarfe ne. In alminiyam ne a gabanta, tazarar kan faɗi ƙasa da rabi, ta kasa kai ko milimita ɗaya.

Maganaɗisun da ba a gani

Waldar ɗigo, wadda ita ce ta fi yawa a jikin mota, ba ta amfani da sandar walda. Baki biyu na jan ƙarfe ne ke matse falle biyu, a tura musu wutar lantarki ta ɗan ƙasa da rabin daƙiƙa, wurin ya narke ya haɗe. Elihu Thomson ne ya yi rajistar tushen wannan dabara a Amurka a 1886. Ƙarfin wutar da ke wucewa kan kai amfiya 10,000 a kan baƙin ƙarfe, alminiyam kuwa yana neman ninki biyu ko uku. Filogin gida mai baki uku fis ɗinsa amfiya 13 ne.

Duk wayar da wuta ke bi ta cikinta tana kewaye kanta da maganaɗisu, kuma ana iya lissafa ƙarfinsa. Miƙaƙƙiyar waya mai ɗauke da amfiya 10,000 tana haifar da militesla 20 a tazarar santimita 10. Maganaɗisun duniya, wanda ke juya allurar kamfas, kusan militesla 0.05 ne, ke nan an ninka shi sau 400. A tazarar santimita 2 lissafin ya kai militesla 100. Irin wannan ƙarfi yana ƙosar da ferayit ɗin da ke cikin sensa har ya daina aikinsa na ɗan lokaci, sensa ta rikice, ta ce akwai ƙarfe alhali babu, ko ta ce mariƙi ya buɗe alhali yana damƙe. Da zarar wutar ta ɗauke sai ta dawo hayyacinta. Mai gyara ya zo, ya gwada ta, ya same ta lafiya lau, ya rasa dalilin tsayuwar injin. Sau tari yakan sauya ta don kawai a ci gaba da aiki, sabuwar kuma ta maimaita halin tsohuwar.

Lissafin nan yana ɗauke da maganin da ya fi arha. Ƙarfin maganaɗisun yana raguwa daidai da nisa: a ninka tazara, ya ragu da rabi. Matsar da sensa ko kebur ɗin walda da 'yan santimita kan isa a wasu wurare. Inda ba dama, sai a koma ga sensocin da aka ƙera musamman don walda. Kamfanonin Jamus irin su Turck da Balluff da ifm, da Pepperl+Fuchs ɗin kansa, suna da nau'in da aka cire wa ferayit gaba ɗaya, aka bar kwayil zalla, don haka babu abin da zai ƙoshi. Wannan nau'in yana da wata fa'ida ta biyu, domin yana jin baƙin ƙarfe da alminiyam da jan ƙarfe daga tazara ɗaya. Amfanin hakan ya ƙaru tun da motoci masu jikin alminiyam suka fara yawa, irin Audi A8 da ta fito a 1994.

Akwai tarko ɗaya da ke kama ko ƙwararru. Tsofaffin injinan waldar ɗigo suna aiki da wutar da ke juyawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa, kamar ta gida. Wasu sensoci, musamman waɗanda ake maƙalawa a jikin silindar iska don sanin ko mariƙi ya rufe, an ƙera su ne su gane wannan juyawar, su riƙe amsarsu har walda ta ƙare. Sababbin injina kuwa suna sarrafa wutar a juyi 1,000 a daƙiƙa sannan su miƙar da ita ta riƙa tafiya gefe guda. Sensar da ta yi shekaru lafiya a tsohon layi tana iya rikicewa ranar da aka kawo sabon inji, ba don ta lalace ba. Duk wanda zai yi odar sensa sai ya fara sanin wace irin wuta injin waldarsa ke fitarwa.

Tartsatsi

Baƙin ƙarfe yana narkewa a wajen digiri 1,500 a ma'aunin Selsiyos. Yawancin sensoci an ƙera su ne don zafin da bai wuce digiri 70 ba, fuskarsu kuma roba ce. Ɗigon narkakken ƙarfe ɗaya in ya sauka a kanta yana iya huda ta, ruwa da ƙura su samu ƙofa. Amma ɓarnar da ta fi haɗari a hankali take zuwa. Tartsatsi kan maƙale a fuska da gefen sensa kaɗan-kaɗan har ya zama ɓawo, kuma ɓawon nan ƙarfe ne. Sensa ta ji ƙarfe a gabanta dare da rana, ta riƙa cewa "akwai" ko da ba a ajiye komai ba.

Wannan ya fi mutuwar sensa muni. Wadda ta mutu tana tsayar da inji, kowa ya sani. Wadda ta maƙale a kan "akwai" tana barin inji ya ci gaba da aiki, ana fitar da kaya babu noti ko babu wani ɗan ƙarfe na ciki, kuma ba za a gane ba sai a wurin ɗaura kujera ko bel, bayan an rufe wurin da wasu fallaye an yi fenti. Maganinsa ba ya cin ko sisi: a rubuta wa kwamfutar layi doka cewa bayan an ɗauke kowane kaya dole ta ga sensa ta koma "babu" kafin ta yarda da "akwai" na gaba. Layin da ba shi da wannan doka yana aiki ne bisa sa'a.

Masu ƙera sensa suna shafa wa jikinta Teflon, sinadarin da Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont a 1938, ko kuma wani shafi mai haɗe da tangaran. Teflon shi kansa yana narkewa a digiri 327, saboda haka ba jure zafin tartsatsi yake yi ba. Santsinsa ne ke aiki: ɗigon ya faɗo ya zame kafin ya sauke zafinsa, wanda ya tsaya kuma ana goge shi da tsumma. Mai tsaftacewar da ya sa sukundireba ko buroshin waya ya kankare shafin ya mai da sensa mai tsada daidai da mai arha a rana ɗaya.

Mai hankali ba ya tsayawa a kan sulken sensa, yakan koma ya tambayi dalilin yawan tartsatsin. Fallen jikin mota na yau galibi an lulluɓe shi da tutiya, abin nan da ke hana kwanon rufi tsatsa. Tutiya tana tafasa a digiri 907, tun ƙarfen bai narke ba, tururinta kuma ya fasa narkakken wurin ya watso shi waje. A waldar ɗigo feshin kan ƙaru in wuta ta yi yawa, ko matsin baki ya yi kaɗan, ko fallayen ba su kwanta da juna ba, ko bakin jan ƙarfen ya cinye ba a fere shi ba. A waldar waya mai gas, iskar kabon zalla ta fi haɗin argon da kabon fitar da tartsatsi. Akwai kuma injinan da ke sarrafa kowane ɗigo, irin tsarin CMT na kamfanin Fronius na Austriya, wanda ke janye waya baya a daidai lokacin da ɗigon zai sauka. Gyara waldar kanta yana ceton sensa, yana rage gurzar kaya bayan walda, yana kuma rage abin da ke tashi zuwa hancin ma'aikaci. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin a 2017 hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar.

Ana fesa wani ruwa don hana tartsatsi mannewa, amma a yi hattara da mai ɗauke da silikon. Ɗan kaɗan ɗinsa in ya bi kaya zuwa sashen fenti yana hana fenti kamawa, shi ya sa masana'antun motoci da yawa suka hana shi.

Duka da jan waya

A nan ne gajeriyar tazarar nan ta milimita 1.6 ke nuna illarta. Fallen da aka buga a injin matsa ba ya fitowa daidai wa daida kullum, wani ya ɗan lanƙwashe, wani ya ɗan ɗago. Sensa ta kasa jin ɗaya, inji ya tsaya, mai gyara ya zo da sifana ya kwance noti ya turo ta gaba kaɗan. Yanzu kanta ya leƙo sama da mazauni. Ma'aikacin da ke da 'yan daƙiƙu don ɗora falle mai nauyi ba zai lallaɓa shi ba, zai kifa shi ne, kuma a kan sensa zai sauka. Bayan bugu ɗari ko dubu fuskar ta tsage. A takarda za a rubuta cewa sensa ta lalace, alhali wurin zamanta ne ba daidai ba.

Ƙa'idar ita ce kada sensa ta zama abin da kaya ke jingina da shi. Wani tudun ƙarfe ne zai tare kayan, ita kuma ta koma ƙasa da shi kaɗan. Don a samu damar yin haka ake zaɓar mai dogon ji, wadda a kauri 12 ke kai milimita 4, ko a koma ga mai kauri 18 in wuri ya isa. Akwai masu fuskar ƙarfe da aka fafe daga dunƙule ɗaya, masu shan duka. Akwai kuma gidan ƙarfe da ake zura sensa ciki, mai iyaka a bakinsa, ta yadda wanda ya zo sauyawa da tsakar dare zai tura ta har ta tsaya ya ɗaure, ba sai ya auna ba, kuma ba shi da hanyar turo ta gaba ko da ya so. Wani lokaci ma mafita ita ce a fitar da ita daga wurin gaba ɗaya, a sa mai auna nisa da hasken lesa ta hango kayan daga inda tartsatsi ba ya kai.

Waya ma tana da nata rabon. Rigar roba ta PVC ba ta jure fiye da digiri 80 ko makamancin haka, ta silikon kuwa tana kai 180. Ana sa wa wayar hannun riga mai jure wuta a 'yan santimitocin da ke kusa da walda, a kuma raba ta biyu: guntuwa a wurin haɗari mai filogi a kowane kai, doguwa a wurin da ba ruwanta da wuta. In guntuwar ta ƙone, minti ɗaya ya isa a sauya ta, ba sai an zare mita goma daga cikin bututu ba. Ba a kwantar da wayar sensa gefe da gefe da kebur ɗin walda, in dole su haɗu sai ɗaya ta gitta ɗaya. Sannan a duba maƙalin da ke mai da wutar walda zuwa inji. In ya yi sako-sako ko tsatsa ta ci shi, wutar za ta nemi wata hanyar komawa, kuma tana iya bi ta siraran wayoyi ta ƙona su.

Idon da ke bin layin walda

A waldar waya, mutum-mutumi yana buƙatar sanin ainihin inda haɗin yake, domin zafi yana karkatar da ƙarfe ana cikin aiki. Hanya ɗaya ita ce ya taɓa kayan da bakin waya a wurare biyu ko uku kafin ya kunna wuta, amma hakan na cin daƙiƙu a kowane zagaye. Wata hanyar ita ce ya riƙa kaɗa bakin walda hagu da dama yana auna yadda wuta ke hawa da sauka, ya gane tsakiyar kwarin. Wannan ba ta da gilashin da zai yi datti, sai dai ba ta dace da siririn falle ba. Ta uku kyamara ce da hasken lesa, irin na kamfanin Servo-Robot na Kanada, da ke zaune 'yan santimita gaban wuta. Ita ce ta fi gani, ita ce kuma ta fi neman kulawa. Akwai ɗan gilashi mai arha a gabanta da aka yi don ya lalace a madadin kyamarar, da iska mai hura masa don kore hayaƙi. In iskar na ɗauke da ruwa ko mai daga kwampireso, ita da kanta za ta dusashe gilashin.

Littafin da ke gefen keji

A 1971 kamfanin Nippondenso na Japan, wanda yanzu ake kira Denso, ya karɓi lambar yabo kan wani tsarin kula da injina da Seiichi Nakajima ya yi fice wajen yaɗawa. Jigon tsarin shi ne mai aiki da inji ya zama na farko wajen goge shi da duba shi, kada ya jira mai gyara. Nakajima ya kuma ba da ma'auni mai ƙafa uku: kason lokacin da inji ke kunne, kason saurin da yake yi cikin saurin da aka ƙera shi da shi, da kason kayan da suka fito ba aibi. Ana ninka ukun da juna. Kashi 90 sau kashi 95 sau kashi 99 ya ba da kusan 85 cikin 100, adadin da ya ɗauka a matsayin na gwanaye.

Sensa tana taɓa dukkan ƙafafun uku. Mutuwarta na cin lokaci, rikicewarta na haifar da 'yan tsaye-tsaye na minti ɗaya ko biyu da ma'aikaci kan magance da danna maɓalli ba tare da an rubuta ba, maƙalewarta kuma na fitar da kaya masu aibi. A ɗauka keji yana aikin awa 8, wato minti 480, kuma yana tsayawa sau 15 na minti 2 kowanne. Minti 30 ke nan, sama da kashi 6 cikin 100 na yinin, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya kai a kira mai gyara.

Shi ya sa littafi ya fi sabuwar sensa muhimmanci a matakin farko. Kowace sensa a ba ta lamba. Duk wadda aka cire a rubuta ranar da wurin, a ajiye gawarta maimakon jefarwa, domin jikinta zai faɗi abin da ya kashe ta: fuska a ƙone zafi ne, fuska a tsage duka ne, waya a yanke ja ne ko lanƙwasa, wadda kuma aka gwada aka same ta lafiya sai a tuhumi maganaɗisu ko filogi. Bayan 'yan makonni akan ga cewa wurare kaɗan ne ke cinye yawancin sensocin. A waɗannan wuraren ne kuɗin sensa mai sulke ke biyan kansa. Sayen masu tsada a zuba ko'ina ɓarnar dukiya ce. Taiichi Ohno na Toyota ya koyar da a tambayi "don me" sau biyar a jere kafin a yarda an kai tushen matsala, kuma labarin sensar da aka turo gaba da sifana ya nuna amfaninsa, domin in an bi tambayoyin za su kai mutum har injin matsa da ke fitar da lanƙwasasshen falle.

Sababbin sensoci suna taimakawa da bakinsu. Tsarin IO-Link, wanda ya zama ƙa'idar ƙasa da ƙasa a 2013, yana barin sensa ta aika bayani ta wayarta mai jijiya uku har tsawon mita 20. Wasu kan faɗi zafin jikinsu, da sau nawa suka yi aiki, da ko kayan na gab da fita daga tazarar jinsu. Da haka ake goge ta ko gyara mata zama a lokacin hutu, kafin ta tsayar da layi. Bayanin ba shi da amfani in babu wanda aka ɗora wa karanta shi.

Abin da ba a yarda da shi ba ko kusa shi ne haɗa waya a tsallake sensa don kaya su fita. In ta tabbatar da kaya ce, an buɗe ƙofar aibi. In kuwa ta tsaro ce, irin labulen haske ko makunnin ƙofar keji, ran mutum ne aka saka a gaban hannun da ba ya ganinsa.

A rumfar mai walda

Mai walda a Panteka ta Kaduna ko a unguwannin Kano ba shi da mutum-mutumi, amma sensa ta riga ta shigo rumfarsa. Hular walda mai duhu da kanta, wadda kamfanin Hörnell na Suwidin ya fito da ita da sunan Speedglas a 1981, tana da ƙananan idanu biyu zuwa huɗu a goshinta masu jin hasken walda. In tartsatsi da hayaƙi suka rufe robar gaba, ko hannu ya kare idanun, gilashin zai yi jinkirin duhu ko ya riƙa ƙyaftawa. Robar gaban an yi ta ne don a riƙa sauyawa, kamar gilashin kyamarar lesa.

Ƙaramin injin walda na zamani shi ma yana da sensar zafi a cikinsa. Lambar da aka rubuta a jikinsa, misali kashi 60 cikin 100 a wani adadin amfiya, tana nufin minti 6 na walda a cikin kowane minti 10, a yanayin zafin digiri 40. A watan Afrilu zafin Kano kan kai haka a inuwa, balle injin da aka ajiye a rana, ko wanda ƙurar hunturu ta toshe wa fanka. In fitilar zafi ta kunna inji ya ɗauke, abin yi shi ne a bar fanka na juyawa, a mai da shi inuwa, a hure ƙurar bayan an cire shi daga wuta. Cire sensar zai sa ya daina ɗaukewa, ya kuma ƙone.

Aikin wannan darasi kashi biyu ne. Na farko, ɗalibi ya lissafa maganaɗisun da ke tazarar santimita 5 da kuma 40 daga waya mai ɗauke da amfiya 10,000, ya yi amfani da lambobin da aka bayar a sama. Na biyu, ya ziyarci wani wurin walda da ke kusa da shi, ya nemi izinin maigidan, ya rubuta duk abin da ya tsayar da aiki a yini guda da mintocin da kowanne ya ci, sannan ya kawo takardar aji a tantance wanne ne cikinsu zafi ya jawo, wanne ƙura, wanne duka, wanne kuma waya.